Taurari Mata a Ƙagaggun Labaran Hausa: Me Ke Sa a Ƙaunace Su?



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne matan da muke gamuwa da su a cikin ƙagaggun labarai, wato labaran da mawallafi ya ƙirƙiro daga tunaninsa, ba tarihi ba. Duk wanda ya saba da karatu ya san cewa in ya rufe littafi, akan sami wata mace da za ta zauna masa a rai shekara da shekaru, har ya riƙa ambatonta kamar wata 'yar'uwarsa da ke wani gari, alhali kuwa akwai wasu matan a cikin littafin nan ɗaya waɗanda ko sunayensu ba zai iya kawowa ba bayan mako guda. To, me ya raba waccan da waɗannan? Wannan ita ce tambayar da zan bi, kuma zan tsaya ne galibi a kan adabinmu na Hausa, sai inda larura ta sa in leƙa waje.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce kyau. Amma duk wanda ya karanta littattafan soyayya goma ya san yadda ake siffanta budurwa a cikinsu: doguwa ce, fara, mai dara-daran idanu, ga wushirya, ga gashi har gadon baya. Siffar nan ɗaya ce ake ta ara daga littafi zuwa littafi kamar kayan aure na aro, kuma da ita ce ke jawo ƙauna, da duk waɗannan 'yan mata sun zauna mana a rai daidai wa daida. Amsa ta biyu ita ce haƙuri, kuma ta fi ta farko nauyi, don kuwa haƙuri hali ne da Bahaushe ke ɗaukakawa ga mace fiye da kusan kowane hali. Sai dai haƙuri iri biyu ne a cikin labari. Akwai na wadda abubuwa ke faɗowa a kanta tana zaune, kamar turmi a tsakar gida da ruwa ke duka, akwai kuma na wadda ta ƙudurta wani abu a zuciyarta, take jure wahala don ta kai gare shi. Ta farko tausayi kurum take samu daga gare mu, tausayi kuwa ba ya daɗewa. Ra'ayina shi ne, macen da masu karatu ke riƙewa ita ce wadda mawallafi ya ba ta nufi nata na kanta, ya bar ta ta zaɓi hanya a wurin da zaɓin ke da tsada, sa'an nan bai ɓoye mana abin da ta biya ba.

Bari mu fara daga adabin baka, tun da yake can ne yawancinmu muka fara gamuwa da mace a cikin labari, kuma daga bakin mace, wato kaka ko inna ko yaya, da dare bayan an ci tuwo. Ku ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda ta girmi littafin da ya ari sunanta. 'Yar bora ce ake turawa ta je ta yi wanki a wani ruwa mai nisa, don mugunta ba don tsabta ba. A hanya tana gamuwa da abubuwan ban mamaki, har da cinya da kare suna zaune a gida kamar mutane, kuma a kowane mataki ana gwada ladabinta, tana cin jarrabawar, har ta komo da arziki. 'Yar mowa ta bi sawunta da raini da baƙar magana, ta komo da wulaƙanci. Malamai sukan ce jigon wannan tatsuniya shi ne ladabi, kuma haka ne. Amma a lura da abin da yara ke so a wurin 'yar bora: yarinya ce ita kaɗai a daji, ba uwa ba uba, kuma ita ce da ƙafarta ta yi tafiyar, da bakinta ta ba da amsoshin. Ba wanda ya je ya ɗebo mata arzikin. Ita kuwa Ƙoƙi, matar Gizo, ba mai musun cewa kowa ya san sunanta, amma da wuya ka ji yaro ya ce ita ce gwanarsa, domin yawanci a inuwar mijinta take, shi ke ƙulla tsiyar, ita tana taya shi ko tana yi masa faɗa.

Daga ƙasashen gabas kuma muka sami wata wadda ta zama kamar 'yar gida a wurinmu ta hanyar littafin Dare Dubu da Ɗaya, wato Shaharzad, 'yar waziri. Labarinta sananne ne: sarki ya yanke ƙauna daga mata saboda cin amanar matarsa, ya shiga auren budurwa kowane dare yana sa a kashe ta da safe. Shaharzad ce ta ce wa mahaifinta ya kai ta, shi kuwa yana hana ta, ta nace. Abin da mutane kan manta shi ne cewa labarin ya gabatar da ita a matsayin mai ilmi, wadda ta karanta littattafan tarihi da waƙoƙi da labaran mutanen da suka shuɗe. Makaminta ke nan. Kowace asuba takan yanke labari a daidai inda ya fi daɗi, sarki ya ɗaga kisan zuwa gobe don ya ji ƙarshe. Wato dai kowane dare ranta ne a kan faifai, kuma da wayo da ilmi take fansarsa, tana fansar na sauran 'yan matan garin tare da nata. Ban san wata tauraruwa a adabin duniya da ta fi ta nuna cewa magana jari ce ba.

Da na ambaci wannan, sai Kalalatu ta faɗo mini, ta cikin Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wadda ta cinye kajin da aka soya don baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon ya gudu, ta ce wa mijinta ai baƙon ne ya tsere da kajin. Ba wanda zai so a ce 'yarsa ce, amma ban taɓa ganin ajin da aka karanta labarin ba a goyi bayanta da dariya ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ƙaunar mai karatu ba lada ba ce da ake ba wa mai halin kirki kaɗai. Wani lokaci saurin tunani ma ya isa.

Yanzu sai rubutaccen zube na boko. Kamar yadda ɗalibai suka sani, a shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Mawallafan duka maza ne, kuma ba abin mamaki ba ne, in aka duba yawan 'yan matan da ke makarantar boko a Arewa a wancan zamani. Abin da ya biyo baya shi ne, labari ya fita daga ɗakin tsohuwa ya koma zaure. Taurarin suka zama matafiya da mayaƙa da malamai, mata kuwa suka koma gefe, ana aurensu a wannan gari, a bar su a wuce wancan. Amma akwai mata biyu a cikin waɗannan littattafai da ya kamata a jera su kusa da juna, don bambancinsu shi ne zuciyar maganata.

Ta farko ita ce Zainabu ta Jiki Magayi. A kanta ne dukan bala'in littafin ya tashi. Abubakar yana sonta, attajiri Malam Shehu ya shigo da dukiyarsa ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, kuma asirin ya faɗa kan ɗan da ta haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Ga mace a tsakiyar labari, amma ku tambayi kanku, me kuka sani game da zuciyarta? Maza biyu na ja-in-ja a kanta kamar gona, ɗanta ya lalace a gaban idonta, amma mawallafan sun bi Abubakar cikin daji, sun bi Kyauta cikin yawonsa, ita kuwa ba su zauna da ita ba sai kaɗan. Dalili ke nan da ya sa muke tuna ta a matsayin sanadi, kamar yadda ake tuna ashanar da ta tayar da gobara.

Ta biyu ita ce uwar Shaihu Umar. Yawancinmu ba mu riƙe ta da wani suna ba sai wannan, kuma littafin ba nata ba ne, na ɗanta ne, shi ke ba ɗalibansa labarin rayuwarsa a Rauta. Duk da haka ina ganin ita ce mutum mafi rai a cikinsa. Mijinta na farko ya rasu, ta auri Makau, wani bafaden Sarkin Kagara, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa ƙulli aka kore shi daga gari. Ta tafi Fatika ganin iyayenta, a bayanta aka sace yaron. Daga nan ne littafin ya nuna mana abin da ba mu gani a wurin Zainabu ba. Zamani ne na hari da cinikin bayi, lokacin da namiji ma bai isa ya kama hanya shi kaɗai ba, amma ta tashi ta bi sawun ɗanta har Kano. Can ta ji cewa wani Balarabe ya tafi da shi, wani mutum ya yi mata alkawarin kai ta wurinsa, ta yarda ta bi shi cikin Sahara, ashe yaudara ce, ya mai da ita baiwa. 'Ya mai 'yanci ta sayar da 'yancinta, ba da sani ba, saboda abu ɗaya da ta sa a gaba. A ƙarshe ta ga ɗan nata a can Arewacin Afirka, ya girma ya zama malami, ita kuwa wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

A lura da cewa Umar kansa, tauraron littafin, ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu. Ɓarawo ya sace shi, wasu suka tsince shi, aka kai shi Kano, Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗa ya sa shi makaranta. Alheri yana zuwa masa ne kamar ruwan sama. Uwarsa ce kaɗai a littafin ta yanke shawara da kanta, ta san akwai haɗari, ta tafi. Kuma Tafawa Ɓalewa bai yi mata rangwame ba. Da ya so, da ya mai da ita gida ta tsufa cikin jikoki, mu rufe littafi da murmushi mu manta. Da yake bai yi haka ba, ta bakin wannan mace ne littafin ya faɗi abin da yake son faɗa game da bauta, fiye da duk wani wa'azi da zai iya sa wa a bakin Shaihu.

Sai da aka yi fiye da shekara arba'in kafin mace ta buga nata ƙagaggen labarin da Hausa. A shekarar 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, ɗaya daga cikin littattafan da suka yi nasara a gasar da kamfanin ya shirya. Tauraruwarsa Boɗaɗo ce, 'yar Fulani, wadda ta kafe a kan auren Yasir, wanda ba Bafulatani ba ne, duk da tsayuwar danginta a kan al'adarsu. Littafin ƙarami ne, kuma masu nazarin zubi da tsari suna iya samun abin cewa a kansa. Amma sabon abu ya faru a cikinsa: budurwa ta buɗe baki a gaban manyanta ta faɗi wanda take so, kuma mawallafiyar tana bayanta. Duk wanda ya san nauyin kunya a tarbiyyar Fulani ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kalmomin Fulatanci da aka tsarma a cikin maganganun gidan su ma sun taimaka, don sun sa mun ji cewa yarinyar daga wani gida na musamman ta fito, ba daga cikin iska ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma sai ga ambaliyar littattafan da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, waɗanda marubuta ke bugawa da kuɗinsu, mata kuwa suka yi yawa a cikin masu rubutawa da masu saye. An zage su ƙwarai, a jaridu da kan mumbari da cikin jami'o'i, wani zagin da gaskiyarsa, wani kuwa daga mutanen da ba su karanta ko ɗaya ba. Sumayya ta In Da So Da Ƙauna, wanda Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar a 1991, ta yi farin jini matuƙa a wurin matasa: 'yar masu kuɗi da ta zaɓi talaka Muhammad, ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata, har ta faɗa rijiya. Ina ganin dalilin farin jininta, amma ni ban sa ta a sahun gaba ba, domin dukan nufinta a kan saurayi ya tattara, in ka cire Muhammad ba abin da ya rage mata. Abu ta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ta fi ta faɗi. An cire ta daga makaranta tana yarinya, aka ɗaura mata aure da dattijo, Sarkin Noma, ta gudu birni ta koma karatu har ta tsaya da ƙafarta. Mawallafiyar kanta an yi mata aure tana ƙarama, saboda haka ta san inda takalmin ke matsi.

Ina roƙon jami'an Ma'aikatar Ilmi da ke zaune a nan su yi tunani a kan wannan, tun da yake ta hannunsu littattafai ke shiga aji. Yarinyar da ta shekara shida a sakandare ba ta gamu da mace a littafi ba sai wadda ake aura a bari a hanya, an koya mata wani darasi, ko da ba a rubuta shi a manhaja ba. Haka ma yaron da ke zaune kusa da ita.

Na bar wadda na fi so zuwa yanzu, wato Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Balaraba ta fitar a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Rabi ba budurwa ba ce, ba kuma wanda ke rubuta mata wasiƙar soyayya. Uwar 'ya'ya tara ce, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, mai ƙuntata wa gidansa a kuɗin cefane alhali yana ɓarnatar da dukiya a waje. Ya auro Delu, macen da ta daɗe a bariki, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. A nan ne marubuci mai rauni zai sa ta zauna tana kuka har Allah ya kawo wani attajiri. Rabi ta yi kukan, amma ta tashi ta kama sana'ar sayar da abinci, tana ciyar da yaran, tana riƙe su a makaranta. Ƙarfin littafin yana cikin ƙananan abubuwa, kuɗin da aka ajiye don cefane da bakunan da za su ci, abin da za a sayar da abin da za a rage. Mace mai karatu ta san wannan lissafi, don kullum tana yin sa. Namiji mai karatu kuwa, in yana da adalci, sai ya ji kunya ta kama shi. Waɗanda suka karanta littafin Mariama Ba ta ƙasar Senegal, wanda ya fito a 1979, za su tuna Ramatulaye, wadda ita ma mijinta ya juya mata baya bayan shekaru da 'ya'ya masu yawa. Sai dai Ramatulaye malamar makaranta ce mai albashi da alƙalami, tana zuba baƙin cikinta a wasiƙa zuwa ga ƙawarta. Rabi ba ta da albashi, tukunya ce jarinta.

Ƙarshen littafin shi ne inda masu karatu suka rabu biyu. 'Yarta Saudatu ta sami miji mai hali da mutunci, gidan Rabi ya farfaɗo. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa kanti, arzikinsa ya karye, Delu ta watsar da shi. Sai mazan da ke kewaye da Rabi suka taru a kanta suna matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, ta ƙi, suka nace, daga bisani ta koma. Wasu ɗalibai, musamman mata, sukan ce mawallafiyar ta ci amanar tauraruwarta, ta gina ta tun daga tushe sa'an nan ta rushe ta a shafi na ƙarshe. Wasu kuma sukan ce ai haka ya dace, uwar 'ya'ya ba ta da ɗakin da ya wuce na ubansu. Ni ban bi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Balaraba ba ta nuna mana komawar a matsayin biki ba, ta bar mu mun ga cewa tilas ce, kuma mun ga waɗanda suka yi tilas ɗin, waɗanda ba miyagu ba ne, mutanen kirki ne masu ganin suna gyara. Rabin da ta koma kuma ba ita ce wadda aka kora ba, domin yanzu daga hannunta ake ci a gidan, har da shi maigidan. Da an bar ta ta yi zamanta ita kaɗai cikin wadata, da mun ji daɗi, amma da mun san cewa ba a Kanon 1990 labarin ya faru ba. Fushin da ɗalibanmu mata ke yi in an zo wannan wuri, har wata ta rufe littafin ta ce da ita ce ba za ta koma ba, ba a yin irinsa a kan Zainabu.